Harbi ba hawan keke ba ne: abin da ke zama a jiki da abin da ke zubewa

Tambayar daga wani jami'in tsaro ta fito. Ya ce lokacin da ya gama horo yana cikin na gaba-gaba a harbi, da doguwar bindiga da ƙarama, sai aka tura shi aikin ofis, yau shekara huɗu rabonsa da filin harbi. Yanzu ana shirin mayar da shi fagen aiki. Abokansa suna ce masa ya kwantar da hankalinsa, harbi kamar hawan keke ne, wanda ya iya ya iya. Yana so ya san ko haka ne, kuma tsakanin fistol, wato ƙaramar bindiga, da raifil, wato doguwar, wacce ta fi saurin kuɓuce wa mutum.

Ɗan'uwa, abokanka sun faɗi rabin gaskiya, sai dai rabin da suka bari shi ne mai haɗarin. Idan aka kwantar da kai rub-da-ciki, aka miƙa maka raifil da aka riga aka daidaita saitinta, wato abin da ido ke auna allo da shi a saman bindiga, allo na tsaye a mita 100, babu mai riƙe da agogo a kanka, to bayan harsashi goma ko ashirin ina sa ran za ka koma kusa da matsayinka na da. Amma idan aka ce ka zaro fistol daga kube ka sa harsashi biyu a tsakiyar allo a mita 15 cikin daƙiƙa uku, ba tare da ka fara ɗumama hannu ba, ba zan sa kuɗina a kanka ba. Kai ma kada ka sa.

Abin da muke kira iya harbi tarin abubuwa ne da aka ɗaure wuri guda, kuma kowanne da saurin lalacewarsa. Masu binciken yadda jiki ke koyon aiki sun daɗe da raba ayyuka gida biyu. Akwai aikin da motsinsa ke gudana ba yankewa, ido na gani, jiki na gyarawa a kowane lokaci, irin su iyo da tuƙi da hawan keken da abokanka suka kawo. Akwai kuma aiki mai matakai, wanda sai ka tuna wannan ne farko, wancan ke bin sa, kamar kwance bindiga da haɗa ta, ko gyara ta idan ta cije. A 1962 Fleishman da Parker a Amurka suka horar da mutane a wani aiki na nau'in farko, bin alama mai motsi da sandar sarrafawa irin ta matuƙin jirgi, suka sake gwada su bayan watanni, wasu har bayan shekara biyu. Abin da ya zube kaɗan ne, kuma cikin 'yan mintuna ya dawo. Wanda ya fi ƙwarewa tun farko shi ya fi riƙewa. A 1978 cibiyar binciken rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta sa Schendel da abokan aikinsa suka tattara abin da aka sani kan wannan batu, suka isa ga abu biyu: aiki mai matakai yana saurin zubewa cikin makonni ko watanni, kuma babu abin da ya kai zurfin koyon farko tasiri wajen riƙe kowace irin ƙwarewa.

Riƙe bindiga daidai a kan allo, da jin inda jikinka ya zauna da kansa, da sarrafa numfashi, waɗannan sun fi kusa da gida na farko. Su ne abokanka suke nufi. Sauran kuwa, wato sauya kwanson harsashi, da cire makulli da mayar da shi, da tabbatar da cewa babu harsashi a ciki, da abin da za ka yi idan ka ja kunama ka ji shiru, duk 'yan gida na biyu ne. Sun fi kama da hadda: wanda ya bar tilawa shekara huɗu, idan aka ja masa baƙi zai ɗauka, amma a ce ya tashi shi kaɗai ya kawo izu ba gargada, nan ake jin kunya.

Yanzu ga batun fistol da raifil, kuma a nan zan daɗe, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙaramar bindiga ita ce mai sauƙi tunda ƙarama ce. A hannun mai koyarwa, fistol ita ce mafi wuyar koyarwa kuma mafi saurin gudu daga hannun wanda ya koya. Dalilin a lissafi yake.

Ɗauki fistol ɗin Glock 17, wadda 'yan sandan ƙasashe da dama ke ratayawa. Cike da harsashi nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, wajen giram 900 ne. Ƙarfin da yatsa ke buƙata kafin kunamarta ta saki ya kai kilo biyu da rabi. Ka ga ke nan kana danna abu da ƙarfin da ya kusa ninka nauyinsa sau uku, kuma ana so kada ya motsa ko kaɗan, alhali babu abin da ke riƙe da shi sai tafukan hannunka a can ƙarshen damatsa. Raifil kamar AK cike da harsashi tana kusan kilo huɗu, ƙarfin jan kunamarta bai kai nauyinta ba, kuma tana jingine a wuri huɗu: kafaɗa, kunci, hannun dama, hannun hagu. Idan ka kwanta, ƙasa ma ta shigo cikin masu taimako. Yatsan da ya yi tsatsa zai fizgi kunama a duka biyun, amma raifil za ta shanye mafi yawan kuskuren, fistol kuwa za ta kai shi allo yadda yake.

Sai tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya. A Glock 17 wajen santimita 16 da rabi ce. A AK wajen santimita 38. A M16 ta Amurka kusan rabin mita. Idan saitin gaba ya kauce da milimita ɗaya tak daga inda ya kamata ya zauna a cikin na baya, a mita 25 harsashin fistol zai kauce da kusan santimita 15. Wannan kuskuren dai a AK bai kai santimita 7 ba, a M16 kuma santimita 5 ne. Milimita ɗaya fa, kaurin katin banki da ɗan ɗoriya. Idon da ya saba yana ganin wannan milimitar ba tare da mai shi ya yi tunani ba. Idon da ya yi shekara huɗu yana kallon takardu da kwamfuta zai ce maka komai daidai yake.

Kan batun nauyin kunama akwai misalin da ya dace a sani. 'Yan sandan birnin New York sun yi shekaru masu yawa suna amfani da kunama mai nauyin sama da kilo biyar, wadda aka sa da gangan don a rage harbin kuskure. Ta yi wa daidaiton harbi illa, har a 2021 rundunar ta fara ba sababbin kurata bindigogi masu kunama mara nauyi. Bindiga ɗaya ce, harsashi ɗaya, abin da ya sauya kawai yawan ƙarfin da yatsa zai yi.

Akwai kuma zabura. Jikin ɗan'adam bai yarda a tayar da ƙara da wuta taku biyu daga fuskarsa ba, saboda haka yana runtse ido, yana tura hannu gaba don ya tari shurin bindiga tun kafin ta shura. Horo ne ke danne wannan ɗabi'a, ba ya kashe ta. Da ka daina jin ƙarar harbi na wasu watanni sai ta taso. Alamarta a allo sananniya ce ga duk mai koyarwa: na-dama zai ga harsashinsa na taruwa ƙasa ta hagu, bahago kuma ƙasa ta dama. Kusan duk wanda hakan ta same shi zai rantse saitin bindigar ne ya goce. Maganin gardamar tsoho ne. Mai koyarwa ya cusa harsashin bogi, wanda ba ya tashi, a tsakiyar na gaske ba tare da mai harbi ya san inda yake ba. Idan aka zo kansa, za a ji ƙas, kowa kuma ya ga bakin bindiga ya yi sujada. Daga nan ba a ƙara zancen saiti. A fistol wannan zaburar ta fi yin ɓarna, saboda dalilan da na lissafa, kuma a ganina ita ce abu na farko da ke dawowa. Wanda ke harbi duk mako, idan ya yi wata biyu ko uku bai taɓa fistol ba, shi da kansa yana jin bambanci. Da raifil a kwance, mutum na iya yin shekara bai ji komai ba.

Kada wannan ya sa ka raina abin da ka rasa a raifil. Ita asararta a ɓoye take, kuma tana bayyana ne idan nisa ya ƙaru. Milimita ɗayan nan da ta ba da santimita 5 a mita 25, a mita 300 santimita 60 ce, ta fi faɗin ƙirjin mutum. Ƙiyasta nisa da ido, da sanin yadda harsashi ke sauka bayan mita 200, da karanta iska a jikin ciyawa ko ƙura, ilimi ne na ƙwaƙwalwa, kuma yana dusashewa kamar kowane ilimin da ba a waiwaya. A 1998 Winfred Arthur da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon bincike sama da hamsin kan yadda ƙwarewa ke zubewa a ayyuka iri-iri. Suka ga asarar na ƙaruwa da tsawon lokacin da aka bar aiki, ta yi yawa ƙwarai idan aka haura shekara. Aikin ƙwaƙwalwa ya fi aikin gaɓɓai saurin lalacewa. Kuma aikin da ake auna shi da daidaito ya fi wanda ake auna shi da sauri zubewa. Wannan na ƙarshen ya dace da abin da ake gani a fili. Hannunka zai iya ɗaga bindiga da saurin da ka saba, har ka ji daɗin kanka, amma harsashin ba zai je inda yake zuwa a da ba. Ko ka rage sauri ka samu allo, ko ka riƙe sauri ka rasa shi. A da kana da su biyun.

Sannan ga jiki. Harbi a durƙushe da a kwance yana son gwiwa mai lanƙwasa da bayan da ba ya ƙara. Shekara huɗu a kujera, da tuwon dare, da ɗan tumbin da ya fara leƙowa, duk za su sa yadda ka saba kwanciya a bayan bindiga ya sauya, kuncinka ya sauka wani wuri daban a gindinta, idonka ya kalli saiti ta wata kusurwa. Wanda ya yi gudun mita 100 da kaya a jiki ya faɗi ya ɗaga bindiga ya san bugun zuciya kaɗai na iya rawa da saiti. Saboda haka ma kada ka yarda da saitin da ka bari a da, ko wanda wani ya daidaita wa kansa. Raifil ɗin da aka ba ka daga ma'ajiyar makamai, sai ka harba ta da hannunka ka ga inda take kaiwa.

Abin da ya fi damuna a lamarinka ba allo ba ne. Matakan nan na gida na biyu ne, domin a cikinsu ake kashe abokin aiki ko mai wucewa. Yawancin abin da ake kira harbin kuskure, idan aka bi diddigi, mutum ne ya juya tsari: ya ja baya ya fitar da harsashin da ke ciki alhali kwanso na maƙale, wani ya shiga, sannan ya cire kwanso yana ganin bindiga wayam take. Ko yatsa ya koma cikin zoben kunama ba tare da mai shi ya sani ba. Kurtu ba ya cika yin wannan, tsoro bai bar shi ba, kuma saje na tsaye a kansa. Mai yin sa shi ne wanda ya taɓa ƙwarewa, hannunsa ya manta amma zuciyarsa ba ta sani ba. Yarda da kai ba ta yin tsatsa tare da ƙwarewa, a nan matsalar take.

An gwada wannan a kan makami kai tsaye. A 1982 Schendel da Hagman suka koya wa sojojin Amurka kwance bindigar M60 da haɗa ta. Rukuni ɗaya aka tsayar da su da zarar sun yi sau ɗaya ba kuskure. Rukuni na biyu aka sa suka ci gaba da maimaitawa bayan sun iya. Na uku kuma aka ba su wannan ƙarin maimaicin a tsakiya, bayan mako huɗu. Da aka gwada su duka bayan mako takwas, rukunin biyu da suka samu ƙari kuskurensu bai kai rabin na rukunin farko ba. Mako takwas kacal ake magana. Kai kana maganar shekara huɗu. Abin da zai taimake ka shi ne ka ce kana cikin na gaba-gaba a horo. Idan hakan na nufin ka maimaita abin har ya wuce iyawa ya zama ɗabi'a, to zai dawo maka da wuri fiye da wanda ya tsallake jarrabawa da ƙyar.

Sai abin da allo ba ya iya aunawa kwata-kwata. Bayan da 'yan sandan New York suka harba harsashi 50 a kan motar wani mutum mai suna Sean Bell a Nuwamban 2006, rundunar ta nemi cibiyar bincike ta RAND ta duba horonta na harbi, rahoton ya fito a 2008. Jami'an rundunar suna zuwa gwajin harbi sau biyu a shekara, kuma sai mutum ya samu kashi 78 cikin 100 yake wucewa. Amma daga 1998 zuwa 2006, a artabun da abokin gaba ke mayar da wuta, matsakaicin harsashin da ya samu wanda aka nufa kashi 18 cikin 100 ne. Inda ba a mayar da wuta, kashi 30. Ba za a ɗora wannan giɓin duka a kan mantuwa ba. Akwai duhu, akwai motsi, akwai tsoron mutuwa. Abin da ya nuna shi ne cin jarrabawar allo da iya harbi a cikin tashin hankali abubuwa biyu ne, kuma wanda ake sabuntawa duk wata shida shi ne na farkon.

A ƙasar Holan, Arne Nieuwenhuys da Raôul Oudejans na wata jami'a a Amsterdam sun bi wannan da gwaji. Suka sa 'yan sanda harbin abokin karawa wanda wani lokaci yake mayar da wuta da harsashin sabulu mai launi, wanda ba ya kisa amma yana da zafi. Da zarar jami'i ya san za a iya harbinsa, sai ya ƙara gaggawa, ya sunkuyar da kai, idonsa ya rage zama a kan inda yake nufi, daidaitonsa ya faɗi. Sai suka ba wani rukuni ɗan gajeren horo a cikin wannan yanayin na tsoro, wani rukunin kuma ya yi horonsa ba mai mayar masa da wuta. Rukunin farko suka daina faɗuwa a ƙarƙashin matsi, kuma a sakamakon da aka buga a 2011, da aka sake gwada su bayan wata huɗu, abin na nan. Wannan labari ne mai daɗi ta wani gefen: abin da aka koya a yanayin da za a yi amfani da shi yana daɗewa. Ta ɗaya gefen kuma, idan horonka na farko duk a gaban allon da ba ya motsi aka yi shi, to wannan ɓangaren ba mantawa ka yi ba, tun asali ba a ba ka shi ba.

Ga wani tarko da zai same ka ranar da ka koma fili. Harsashi biyar na farko za su watse. Na goma za su fara taruwa. Kafin ka ƙare kwanso na biyu ka dawo, ka tashi kana cewa ashe ban manta ba. Gaskiya ne sake koyo ya fi koyon farko sauri nesa ba kusa ba, tun 1885 masani Ebbinghaus na Jamus ya nuna haka. Amma a bakin aiki babu mai ba ka harsashi ashirin na ɗumama hannu. Matsayinka na gaskiya shi ne biyar ɗin farkon nan da kake son ka manta da su. Ni idan ina auna mutum, allon farko nake cirewa in rubuta kwanan wata in ajiye, sauran na koyo ne.

Jarrabawar shekara-shekara ma a san iyakarta. A rundunar sojan ƙasa ta Amurka ana ɗago wa soja allo 40 tsakanin mita 50 da 300. Wanda ya samu 23 ya wuce, 30 ya shiga mataki na biyu, 36 gwani ne. Wato mutum zai iya kuskure 17 a ce ya cancanta. Su da kansu sun ga tsohon tsarin ya yi sanyi, shi ya sa wajen 2020 suka sauya shi: yanzu soja ne zai sauya kwanso ya sauya matsayi, daga tsaye zuwa kwance zuwa durƙuso, allo na ci gaba da tasowa, ba mai tsayar da gwaji ya ba shi umarni. Sun shigar da ainihin abubuwan da suka fi saurin zubewa cikin abin da ake aunawa. Suwizalan kuma ta ɗauki wata hanya tun da daɗewa. Sojanta da ya gama horo ya koma gida da raifil ɗinsa, doka ta wajabta masa zuwa filin harbi duk shekara ya harba harsashi 20 a mita 300. Harsashi 20 ba sa mayar da kowa gwani. Suna hana raifil ta zama baƙuwa a kafaɗa, kuma ga raifil a kwance hakan na iya wadatarwa. Da fistol ce, sau ɗaya a shekara ba zai riƙe komai ba.

Ba ka faɗi shekarunka ba, amma tunda batun daɗewa ake yi, tsufa ma ya shigo. Harbi na cikin wasannin da shekaru ba sa saurin korar mutum. Oscar Swahn na Suwidin ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1912 yana da shekara 64, ya ci azurfa a 1920 yana da 72. Ragnar Skanåker, shi ma ɗan Suwidin, ya ci zinare a fistol a 1972, ya dawo ya ci tagulla a 1992 yana da 58. Nino Salukvadze ta Jojiya ta ci zinare a 1988 tana da shekara 19, kuma a 2024 ta halarci gasar Olamfik karo na goma. Yusuf Dikeç na Turkiyya, wanda hotonsa ya zaga duniya yana harbi hannu ɗaya a aljihu, yana da shekara 51 ya ci azurfa a 2024, a gasar da zoben tsakiyar allo faɗinsa milimita 11 da rabi ne a mita 10. Mafi ban mamaki shi ne Károly Takács, sajen sojan Hangari. A 1938 gurneti ya fashe ya lalata masa hannun dama, hannun da yake harbi da shi. Ya koma ya horar da na hagu, a 1939 ya ci gasar ƙasarsa, sannan ya ci zinare a Landan a 1948 da Helsinki a 1952. Labarinsa na nuna cewa kaso mai yawa na harbi a ido da ƙwaƙwalwa yake zaune, tunda hannun da ya koya ya tafi amma iyawar ba ta tafi ba. Sai dai kada a karanta waɗannan sunaye a karkace. Babu ɗayansu da ya ajiye bindiga shekara huɗu ya dawo ya hau mumbari. Sun daɗe ne saboda ba su daina ba.

Abin da tsufa ke ƙwacewa da gaske ido ne. Daga shekara 40 zuwa 45 ido ke fara kasa kama abin da ke kusa, lokacin da mutum ke fara nisanta waya daga fuskarsa kafin ya karanta saƙo. Saitin gaban fistol kuwa a ƙarshen hannu yake, daidai inda matsalar ke farawa. Mutane da yawa suna zargin hannunsu alhali tabarau suke buƙata. Ka je a auna idonka, ka gaya wa likitan nisan da kake son gani sarai, domin tabarau na karatu an yi shi ne don abin da ya fi haka kusa. Na'urar saiti mai jan ɗigo, wadda rundunoni da yawa suka koma wa, tana sauƙaƙa wannan, tunda ido na zama a kan allo ne kawai. Ƙarfin damƙa ma yana raguwa bayan shekara hamsin, kuma fistol ce ke fara nuna shi.

Game da yadda za ka dawo, kada ka nemi rana ɗaya ka ƙona akwatin harsashi. A Ingila, Baddeley da Longman sun buga wani bincike a 1978 kan ma'aikatan gidan waya da ake koya wa buga na'urar rarraba wasiƙu. Waɗanda suka yi awa ɗaya a rana sun ƙware cikin awoyi kaɗan fiye da masu awa huɗu a rana, kuma sun fi su riƙewa bayan watanni. Abin dariyar shi ne masu awa ɗayan su suka fi ƙorafi kan tsarin, domin su a ganinsu abin na jan ƙafa. Haka harbi yake. Harsashi 30 duk wata ya fi 360 a yini guda, wanda rabinsa na ƙarshe gajiya da zabura kawai yake koya wa hannu.

Na san harsashi ba ya samuwa yadda ake so, kuma ba kai ke sa ranar zuwa fili ba. Abin farin ciki, mafi yawan abin da ya zube maka ba ya buƙatar harsashi. Zarowa daga kube, damƙa, ɗora saiti, matsa kunama har ta saki ba tare da saitin gaba ya motsa ba, sauya kwanso, gyaran cijewa, tsarin sauke bindiga: duk ana yin su da bindiga wayam, minti goma zuwa sha biyar, sau uku ko huɗu a mako. Sharaɗinsa ba a sassauta shi. A yi shi inda dokar rundunarka ta yarda kuma da sanin na gaba da kai, babu harsashi mai rai ko ɗaya a ɗakin, mutum biyu su duba bindigar, bakinta na fuskantar abin da zai iya tare harsashi. Da ka ce ka gama, ka gama. "Bari in ƙara ɗaya" bayan an mayar da kwanso ya huda bango da yawa, ya huda abin da ya fi bango.

Da ni ne kai, kafin a miƙa mini makami in fita da shi, zan je wurin mai koyar da makamai na rundunata in gaya masa a fili cewa shekara huɗu rabona da harbi, ya ɗauke ni kamar kurtu na mako biyu ko uku. Mu fara da sauke bindiga da gyaran cijewa har hannu ya daina tsayawa yana tunani. Sai fistol, ita za ta ci kaso biyu cikin uku na lokacin, daga mita 5 ana ja baya a hankali, da harsashin bogi a cakuɗe. Raifil ta zo daga baya: a daidaita saiti, a harba daga durƙuso da tsaye, a yi ɗan gudu kafin a harba. Idan akwai damar atisayen da ake mayar da wuta da harsashin fenti ko na sabulu, ko aƙalla na agogo da allo mai motsi da ƙarancin haske, ka roƙa a sa ka. Bayan wata guda ka koma fili da sassafe ba tare da ɗumama hannu ba, ka harba biyar da fistol a mita 15, ka ɗora allon a kan na ranar farko ka gwada.